Yadda za ka rufa wa kanka asiri a waya, daga bakin mai gyara

Wata ranar Laraba bayan La'asar wata yarinya ta shigo shagona a Farm Centre da Infinix ɗinta, gilashin ya tsage tun daga sama har ƙasa. Ba za ta wuce shekara goma sha tara ba. Na ce mata aikin zai kai awa guda. Ta ce, "To Malam, bari in leƙa Zoo Road in dawo. Lambar buɗewar 2005." Ni ban ma tambaye ta ba. Ta bar min wayar da layi biyu da katin memori a ciki, ta tari adaidaita sahu ta wuce. Kafin in ɗauko kayan aiki saƙo ya fi goma ya shigo, kowanne da sunan mai shi da farkon maganarsa ɓaro-ɓaro a fuskar wayar. Na kife ta a kan tebur, na kashe.

Da ta dawo na ce, "Ƙanwata, 2005 ɗin nan shekarar haihuwarki ce ko?" Ta kwashe da dariya, wai ya aka yi na sani. Hira ta ja mu, har ta nuna min yadda ta hana Abbanta da yayyenta maza biyu da wata gwaggonta ganin sitatus ɗinta. Tana nunawa tana alfahari.

Shekarata goma sha ɗaya a wannan sana'a, kuma duk mai cewa yaran yanzu ba su san sirri ba, bai zauna da su ba ne. Sun fi mu iya ɓoyo. Akwai mai Facebook biyu, ɗaya na 'yan gida mai cike da ayoyi da barka da Juma'a, ɗaya na abokai. Abin da na lura da shi dai, duk ƙarfinsu ya tafi wajen ɓoye wa Abba da Yaya da makwabta. Wanda bai san su ba kwata-kwata, da wanda wayar za ta faɗa hannunsa, da saurayin da gobe zai iya zama tsohon saurayi, su ba a sa su a lissafi ba. Kuma duk kukan da aka zo aka yi min a shagon nan, ban tuna guda da Abba ya jawo ba.

Gidajenmu na cikin birni sun riga sun koya mana tsarin. Baƙo iyakarsa soro, ɗan uwa ya wuce tsakar gida, ɗaki kuwa sai wanda aka ɗaga wa labule. Abin da zan nuna maka shi ne yadda za ka gina wa wayarka soro. Ka samu wuri ka zauna da ita minti talatin, yawancin abin nan ko datar naira ɗari ba zai ci ba.

Fara da wayar kanta

Canza lambar buɗewa ta koma lamba shida. Ban da shekarar haihuwa, ban da 123456, ban da ƙarshen lambar wayarka. Zanen da ake ja da yatsa ni ba na son sa. Da yawa harafin farko na sunansu suke zanawa, ko L ko Z, kuma in ka karkata wayar a hasken rana sawun yatsan yana nan a kan gilashi. Sa dangwalen yatsa ko fuska don saurin buɗewa, amma lambar ita ce ginshiƙi. Daga nan ka shiga saitin sanarwa ka ce kada a nuna abin da ke cikin saƙo muddin waya tana kulle. Wannan kaɗai ya raba ka da mai cajin waya na bakin layi, da ƙaninka, da na kusa da kai a adaidaita.

Sai layin. Nan ne kusan kowa yake sakaci. Wanda ya ƙwace maka waya a Kano ba hotunanka suka dame shi ba tukuna. Zai zare layin ya sa a ƙaramar waya, ya fara gwada lambobin bankuna masu farawa da tauraro, kuma duk lambar tabbatarwa da banki ko WhatsApp ko Facebook za su turo, hannunsa za ta faɗa. Maganinsa kulle layi. A cikin saitin tsaro akwai wurin sa wa layi lambar sirri, duk sanda aka kunna waya ko aka mayar da layin wata wayar sai an saka ta. Amma ka yi hattara a nan. In ka kuskure sau uku layin zai rufe ya nemi PUK, wadda take rubuce a jikin katin da aka ɓalle layin daga ciki, in kuma ka kuskure PUK sau goma layin ya mutu, sai walkam-bak. Saboda haka ka nemo katin nan ka ajiye kusa kafin ka fara, in ka yar da shi ka je ofishin kamfanin layinka su taimaka maka. Kada ka yi ta cinke.

WhatsApp, inda aka fi yin kuka

Bara wani ɗalibin jami'a da ke sayen kaya a wurina ya shigo a gigice, ko sallama bai yi ba. Wani ne ya kira shi da ladabi, ya ambaci sunansa cikakke, ya ce daga guruf ɗin tsofaffin ɗaliban makarantarsu yake, za a yi taro da daddare, an turo masa lamba shida ta rajistar mahalarta, ya karanto. Ya karanto. Kafin ya ajiye waya WhatsApp ɗinsa ya fita. Cikin rabin awa an bi mutanensa ɗaya bayan ɗaya da saƙon "Don Allah ranta min dubu ashirin, da safe zan mayar." Ƙanwar mahaifiyarsa ta tura. Abin da ya fi ƙona masa rai ma ba kuɗin ba ne, guruf-guruf ɗin da yake ciki ne, da na gida da na makaranta, duk ɓarawon ya kwashe lambobin mutane ya ci gaba da kira da sunansa.

Lambar nan shida da WhatsApp ke turowa ta tes mukullin gidanka ce. Babu admin, babu malami, babu ma'aikacin kamfani da yake da dalilin tambayarka ita. Sannan ka ƙara sakata. Taɓa ɗigo ukun nan na sama ta hannun dama, shiga saitin, shiga wurin da aka zana mukulli, nemi tabbatarwa mai mataki biyu. Za ka ƙirƙiri wata lamba shida taka ta kanka, ka sa imel ɗin da kake iya buɗewa. Daga ranar, ko an yaudare ka ka ba da lambar tes, ɓarawo zai tarar da ƙofa ta biyu. WhatsApp zai riƙa tambayarka lambar jefi-jefi don kada ka manta, kar ka ji haushinsa.

In kuma an riga an ƙwace, kada ka tsaya kuka. Sake rajista da lambarka nan take. Da zarar ka saka sabuwar lambar tes, an fitar da ɓarawon. Idan ya riga ka sa lambar mataki na biyu, za ka jira kwana bakwai kafin ka shiga, amma shi ma yana waje. A tsakanin nan ka kira na kusa da kai da baki, su sanar a guruf cewa kada kowa ya tura kuɗi.

Akwai wata ɓarauniyar hanya da 'yan mata suka fi faɗawa. WhatsApp yana bari a haɗa lamba ɗaya da wasu na'urori har huɗu. Wanda ya ce "ara min wayarki in kira" kuma ya juya miki baya na minti ɗaya, in ya san lambar buɗe wayar, ya isa ya haɗa lambarki da wayarsa, ya zauna a gida yana karanta duk abin da ya shigo da wanda ya fita. Ki taɓa ɗigo ukun, ki shiga wurin na'urorin da aka haɗa. Duk abin da kika gani wanda ba ke kika sa ba, ki fitar da shi. Na taɓa duba wa wata, muka tarar wata uku ana karanta mata saƙo, ita kuma tana ta zargin ƙawarta da kai gulma.

Tun da mun zo nan, bari in faɗi ra'ayina ko da za a ji haushi. Saurayin da ya ce "in kina sona ki ba ni fasawod ɗinki," ki ce masa ya turo magabatansa tukuna. Soyayya tana ƙarewa, amma abin da ya kwafa yana nan a wurinsa. Haka hoton da ake turawa na gani-sau-ɗaya. Gaskiya ne WhatsApp ya hana ɗaukar sikirinshot ɗinsa, to amma wa ya hana mutum ɗauko wata wayar ya ɗauki fuskar wannan? Tun 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke tafiya tsakanin waya da waya, ko kamfanin ba ya karantawa. Kullen a hanya yake aiki. In saƙo ya sauka, amanar wanda ya karɓa ce kawai ta rage. Mu Kanawa kuma ga son boyis, mutum ya danna ya yi minti biyar yana zuba, da muryarsa da sunayen mutane, abin da ba zai iya musantawa gobe ba.

Sauran gyaran WhatsApp yana wurin da aka zana kwaɗo, kuma ba shi da wuya. Hoton fuska ka mayar da shi sai waɗanda ka ajiye lambarsu, don in ka bar shi a buɗe duk wanda ya tsinci lambarka a guruf ko a katin biki zai gan shi. Sa mutum a guruf, ka hana wanda ba ka sani ba jefa ka. Sitatus kuwa, maimakon ka bi mutane kana cirewa ɗaya-ɗaya kamar yadda ƙanwar nan tawa ta yi, ka zaɓi na ukun, wato a nuna wa waɗanda ka lissafa kaɗai. Ka tuna cikin lambobinka akwai mai POS, da mai gyaran janareta, da direban da ya taɓa kai ku Zariya. In su ma sun ajiye taka, suna kallon kamunku da walimarku da cikin falonku.

Wa ya buɗe maka akawun ɗin?

Wannan tambaya ita nake fara yi wa duk wanda ya zo da matsalar Facebook ko TikTok, kuma sau da yawa amsar ita ce, "Wani ne ya buɗe min a shago," ko "Yayan ƙawata ne." Wato imel ɗin da aka yi amfani da shi ba ka san fasawod ɗinsa ba, wataƙila ma lambar wancan mutumin ce a kai. In haka ne, kai ɗan haya ne a akawun ɗinka. Yau ɗin nan ka shiga ka canza fasawod ɗin Gmail, ka duba lambar waya da imel na dawo da akawun, ka tabbatar naka ne. Ka yi haka a Facebook da TikTok da Instagram, ka kunna musu mataki biyu su ma. Ka rubuta fasawod ɗin a takarda ka sa cikin akwatin da kake ajiye takardun makaranta. Ya fi ka rubuta a cikin wayar da za a iya ƙwacewa a Kofar Ruwa ko a kan gadar sama.

In ka canza layi, kada ka watsar da tsohon haka kawai. Layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani yana karɓewa ya sayar wa wani, kuma sabon mai shi zai iya karɓar lambar tabbatarwar duk akawun ɗin da ka bari a kai. Ka cire tsohuwar lambar daga banki da Facebook da Gmail, a WhatsApp kuma ka bi ta wurin canza lamba.

A Facebook abu uku nake yi wa mutane. Ina ɓoye jerin abokai, saboda masu kwafar hoto da suna su buɗe akawun na bogi da jerin nan suke farautar mutanenka. Ina kunna tantancewa, yadda in an maƙala sunanka a hoto ba zai hau shafinka ba sai ka yarda. Sannan akwai maɓalli guda da ke mayar da duk tsofaffin abubuwan da ka ɗora su koma abokai kaɗai ke gani. Wannan na ƙarshen ka ɗauke shi da muhimmanci. Binciken aure a da a unguwa ake yi, a tambayi liman da mai unguwa da makwabta. Yanzu ƙannen ango da ƙawayen amarya ne ke zama da waya su gangara har abin da ka rubuta kana aji uku na sakandare.

TikTok ba a yarda wanda bai kai shekara 13 ya buɗe ba, kuma tun farkon 2021 akawun ɗin 'yan ƙasa da 16 a rufe yake zuwa. Sai dai yaranmu shekarun ƙarya suke sawa, kariyar ta tashi a banza. In ba sana'a kake yi da shi ba, ka mayar da akawun ɗin na sirri, ka kashe damar sauke bidiyonka, ka kashe inda yake tallata ka ga masu lambarka. In kuma suna kake nema, to ka san a fili kake, kuma filin ya haɗa da kotu. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a nan Kano ta yanke wa wasu matasa biyu bulala ashirin-ashirin da tara saboda bidiyon barkwanci da suka yi a kan gwamnan lokacin, Abdullahi Ganduje. Ko kana ganin hukuncin ya yi daidai ko bai yi ba, bidiyon dai daga waya irin taka ya fita.

Kafin ka ɗora hoto, kalli bayansa

Mutum fuskarsa yake dubawa, ya ga ko ya yi kyau. Ni abin da ke bayansa nake kallo: lambar gida a jikin get, lambar mota, bajen makaranta a rigar ƙanwarsa. Murna ce ke sa a ɗora takardar JAMB da sakamakon WAEC da takardar kiran bautar ƙasa da bizar Umara, duk da lambobinsu a fili. Haka alat na banki, da katin ɗaurin aure mai adireshi da lambobin waya uku, da bidiyon lefe akwati-akwati ana ɗaga sarƙa ana faɗin kuɗinta. In dole sai ka ɗora, ka yanke ko ka shafe lambobin, kuma hoton tafiya ka bari sai ka dawo. NIN da BVN, kowacce lamba 11, ba a tura su ga wanda ya ce zai sa ka a tallafi ta WhatsApp. Tun da aka fara haɗa layi da NIN a ƙarshen 2020, lambar nan ta zama igiyar da ta ɗaure layinka da sunanka da hotonka wuri guda.

Hoton wani kuma ba naka ba ne. Ƙawarki ta cire mayafi a ɗakin amarya don ta san mata ne zalla a wurin, ba don mabiyanki dubu uku ba. Ki tambaye ta.

Manhajojin bashi su ma sun kunyata mutane da yawa a garin nan. Ka ci bashin dubu goma, ka ba su izinin ganin lambobinka ba ka karanta ba, ranar da ka makara a tura wa surukinka da malaminka saƙo cewa kai ɓarawo ne. Hukumar kare masu sayayya ta tarayya, FCCPC, ta yi ta dirar musu tun 2022, amma masu irin halin ba su ƙare ba. Shiga saitin, wurin izinin manhajoji, ka duba su wa ke ganin lambobinka da hotunanka da inda kake. Tocila ba ta da hulɗa da lambobin mutane. Ka ƙwace izinin, ko ka goge ta.

Doka tana nan, ba a ce babu ba. A Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a wadda ta kafa hukumar NDPC, ga kuma dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024. A Yulin 2024 FCCPC ta ci tarar Meta, mai Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya. Don haka in wani yana yi miki barazana da hotonki, kada ki biya shi ko sisi, wanda ya karɓa sau ɗaya zai dawo. Kada ki goge saƙonnin, ki ɗauki sikirinshot da lambarsa da kwanan wata, ki faɗa wa babba guda da kika yarda da shi, Umma ko Anti ko Yaya, ku kai ƙara wurin 'yan sanda tare. Na san faɗa wa na gida shi ne abin da ya fi komai nauyi. Shi ma mai barazanar ya sani, da shi yake cin kasuwarsa.

Ranar da za ka kawo mana gyara

Yanzu kan mu. Yawancin masu gyara mutanen kirki ne masu neman halak, amma ba a rubuta wa kowa halinsa a goshi ba, kuma shago ɗaya yana iya samun yara huɗu masu koyo. Zare layinka da katin memori kafin ka miƙa waya. Canjin gilashi ko batir ko wurin caji ba ya bukatar lambar buɗewa, in an gama kai za ka buɗe da hannunka a gwada a gabanka. In aikin na ciki ne dole sai an buɗe, ka zauna a wurin, ko ka sa wa hotuna da WhatsApp kwaɗon manhaja, Tecno da Infinix duk suna da shi. Sababbin Samsung suna da wani yanayi na musamman don gyara, wanda ke ɓoye komai naka har sai ka dawo. Mai gyaran da ya ɓata rai don ka ce za ka jira, ɗauki wayarka ka ƙara gaba, shaguna sun yi yawa.

In sayarwa za ka yi ko musaya, ka kwashe abinka, ka fita daga WhatsApp da Facebook, ka cire akawun ɗin Google, sannan ka yi mata wankin da ke mayar da ita kamar sabuwa. Goge hotuna ɗaya-ɗaya ba ya wadatarwa, suna zama a kwandon shara na wayar har kusan wata guda. Wankin kuma bai shafi katin memori ba.

A durowar teburina akwai wani gwangwanin alawa da nake tara katunan da nake tsinta a cikin wayoyin da aka sayar mana. Masu su sun karɓi kuɗi sun tafi, ba wanda ya taɓa dawowa nema. Ba na sa su a kwamfuta, yarana ma sun san wanda ya taɓa gwangwanin nan ya bar shagon. Duk ƙarshen azumi nake zazzage su in bi su da filaya ɗaya bayan ɗaya. Bana guda ashirin da uku na karya.